Ramin da Aka Huda a Bangon Labo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban cibiyarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce Rabi, mai shirya jini a labo, ɗakin gwajin cuta, nan Dakoro. Sau biyu na rubuto maka a ɓoye, shiru. Yau kowa ya ji.

Na ɗaya. Ɗaki biyu gare mu. A na farko nake fitar da ƙwayar halitta daga ɗigon jini, a na biyu inji yake ninka ta har a gane ko akwai cuta. Abin da ya fito daga injin ba ya komawa ɗakina, ko da ƙurarsa ce. Ko riga sai mun sauya a bakin ƙofa.

Na biyu. Da zafin bara kilim ɗin ɗakina, na'urar sanyaya iska, ya mutu. Maimakon gyara, ka aiko magini ya huda bango, wai sanyi ɗaya ya ishi ɗaki biyu. Ranka ya daɗe, sanyi ya shigo, amma ba shi kaɗai ba.

Na uku. Kowane gwaji muna haɗa shi da kwalbar ruwa zalla don shaida. Tun ranar da aka huda bangon, ruwan ma cewa yake yana da cuta. Ruwa fa! Dole in zubar da sakamakon gaba ɗaya. Na wanke tebur, na liƙa kwali a ramin, iska ta ɓamɓare shi.

Na huɗu, shi ya hana ni sukuni. Wata mata daga Ajekoriya tana ɗauke da cutar da ba ta son a faɗa, tana so ta san ko jaririyarta ta ɗauka. Sau uku na huda diddigen yarinyar nan, sau uku na ce wa uwar ta dawo. A karo na ukun ba ta yi mini faɗa ba, ta goya 'yarta ta fita. Kasuwa huɗu ke nan ban gan ta ba, kuma ban san ko yarinyar na da rai ba. Wallahi kunya nake ji.

Roƙona bulo ne da siminti, a toshe ramin. Zafin zan jure. Ban sa rai za a yi ba, amma in matar ta dawo, sai ka zo ka huda diddigen da hannunka, ni na gama.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka naka 'ya'yan.

Wassalam.
Rabi, labo, Dakoro