Kwana Tara a Inuwa

Litinin, 3 ga Maris
Na kai ganyen Baba ɗakin gwaji. Shekara arba'in yana shafa wa mutane ruwan ganyen nan a gyambo da ƙyasbi, ni kuwa tun da na fara aiki nake ce masa koren ruwa ne kawai. Yanzu da ciwo ya kwantar da shi, ya ce in gwada, in faɗa masa gaskiya. "Amma a inuwa ake shanya shi, uwata, kwana tara." Na ce to. Na zuba shi a na'urar busarwa, awa shida ya bushe ƙarau. Wa ke da kwana tara?

Alhamis, 6 ga Maris
In ganye na da ƙarfi, ƙwayoyin cuta kan ja baya, su bar da'ira fes a kewayen ɗigon da aka sa a faranti. Faranti shida, babu da'ira ko ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris
Na faɗa wa Baba sakamakon. Da ma ƙarya na yi. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce, "Ashe mutane na yi ta ruɗa." Bai ko tambayi yadda na shanya ba. Ya yarda da ni, wannan ne ke cin raina. Ya sa Inna ta zubar da kwalabensa.

Laraba, 12 ga Maris
Ogana na ɗakin gwaji ya ga farantan, ya tambayi zafin da na sa. Da na faɗa, sai ya cire tabarau. "Ai dafa shi kika yi. Ba kowane ganye ke jure zafi ba."
Na tsinko sabo, na baza a kan tabarma a ɗakin ajiya. Ba zan ce wa Baba komai ba sai na gani da idona. Kunya ce, na sani, nake kiranta taka-tsantsan.

Talata, 18 ga Maris
Baba ya rasu da hantsi. Saura kwana uku.

Alhamis, 27 ga Maris
Da'ira ta fito. Milimita sha shida a farantin ƙwayoyin gyambo, sha ɗaya a na fumfuna. Sau uku na auna. Oga sai murna yake, wai mu rubuta duniya ta karanta. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.
Inna ta ce, "Shi dai ya tafi yana neman gafarar mutane."

Lahadi, 6 ga Afrilu
Wata tsohuwa ta zo neman maganin Baba daga nesa da ƙafa a ɗaure, ba ta ji rasuwar ba. Na ce lallai ta je asibiti a duba ta. Har ta kai ƙofa, na ce ta dawo Talata ta sama.
Ba wani abu ba ne. Yau na baza ganyen, kuma kwana tara yake so.