Kaset ɗin Inna Marka

Gwarzo

Ƙanena Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Baba? Jego ya hana ni fita, wayata ta faɗa bahon wanka, ga malamina yana jiran babin da nake rubutawa kan waƙoƙin niƙa. Ka shiga shafin laburaren jami'armu, adireshin yana bayan takardar nan. Akwai wurin bincike, ka rubuta "waƙar niƙa, Kabo", tunda nan ce ƙaramar hukumarmu. Duk abin da ya fito ka kwafo min, banda son jiki.

Yayarka,
Zinnira

Masanawa

Yaya Zinnira,

Wa'alaikumus salam. Ya jego, ya 'yar baƙuwa? Baba yana gaishe ki.

Na hau tudun bayan firamare inda sabis yake kamawa, na yi ta dannawa har ya buɗe. Littattafai biyu suka fito, na kwafe. Sai wani kaset da aka ɗauka tun ba a haife mu ba. An rubuta mai waƙa, Marka Masanawa. Yaya, kakarmu ce fa! Akwai inda ake latsawa a ji, na latsa. Ga gurzar dutse, ga ɗan tarin nan nata. Tana tsakiyar waƙa sai dutsen ya tsaya, ta ce, "Ja'afaru." Kafin in yi tunani bakina ya ce na'am.

Kin san sunan mijinta aka sa min. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta shi ba, Angona take ce min. Kuma ita ta hana mu amsa kiran wanda ba mu gani ba.

Tun ranar, in ina sharar gona sai in ji niƙa a bayana. Da farko can bakin kwari ne. Jiya a zaurenmu na ji shi, da rana tsaka, ga shi ba sauran mai dutsen niƙa a unguwar nan. Ban faɗa wa Baba ba. Don Allah ki saurara, ki faɗa min ko kunnena ne.

Ki huta lafiya,
Ja'afaru

Gwarzo

Ja'afaru,

Salam. Na ari wayar maigidana, Abban Zubaidatu, na saurara har ƙarshe. Inna ba ta kira kowa ba. Dutsen dai ya tsaya, aka yi shiru, sai wani ya ce na'am. Muryarka ce.

Ka taho Gwarzo yau ɗin nan. Duk wanda ya kira ka a hanya, ko da muryata ka ji, ka ja bakinka.

Allah ya kawo ka lafiya,
Zinnira