Ɗan Yatsan Da Ya Riga Ka Tafiya

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba kafinta.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da neman gafara a gare ka, ina sanar da kai abin da na gani, ya hana ni sukuni.

Wata maƙwabciya ta nuna mini bidiyo a salula. Injin zarto ne mai tebur, irin naka. Aka miƙa masa tsokar nama a maimakon yatsa. Yana taɓa ta ya tsaya cak, ya nutse ƙasan tebur kafin ƙiftawar ido. Ɗan ƙwarzane kawai ya bari. Wai yana bambance jikin mutum da katako. Matan gidan suna ta mamaki, ni kuwa kuka na yi, Baba.

Kai ne kake cewa, "Zarto bai san mai shi ba, ɗiyata." Ga shi an ƙera wanda ya sani, kai kuma ba ka nan.

Na tuna ranar da aka maido kuran, wutar lantarki, ba zato, hannunka yana kan tebur. Manuninka na dama ya tafi. Inna ta naɗe shi a farin ƙyalle, aka binne gindin aduwa bayan shago. Tsofaffin unguwa suka ce doguwa ce a injin, jini take so. Ka yi dariya ka ce, "Ku bar shi, ya tahi kama mani wuri."

Mu ba mu yi dariya ba. Duk damina sai ka miƙo mini hannu ka ce, "Sosa mani, tururuwa na cizo nai." In sosa me? Iska nake sosawa. Daga baya in lallaɓa in zuba ruwa gindin aduwar, ko tururuwan sa ƙyale shi. A zaman tahiyar salla kuma dungun kake ɗagawa, yana rawa. Har yau in na ɗaga nawa, naka nake gani.

Baba, injin naka yana nan. Ƙanena Isuhu ne a kansa, kuma ya gaji gaggawarka tsaf. Ya cire murfin haƙoran, wai yana tare masa gani. Na nuna masa bidiyon, ya ce irin wannan bai iso Dogon Dutsi ba, kuma abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Taurin kai dai, ka san inda ya samo shi. Ina jin tsoro. In ƙarar injin ta yanke da rana tsaka, sai in saki abin da ke hannuna in saurara. In ya shigo gaishe ni, hannunsa nake fara duba kafin fuskarsa.

Allah ya haskaka kabarinka, ya tashe ka da hannunka cikakke. Allah ya sa kada a sake tona gindin aduwar nan.

Ɗiyarka mai sosa maka,
Rakiya