An Kira Ni Baƙuwa a Cocin da Ubana Ya Gina

Mama Rifkatu, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya dame ni, ya ƙi wucewa.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce tsakanin Rano da Kibiya. Cocinmu ƙarami ne, kuma ubana na cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar gininsa. A nan aka ɗaura mini aure. Ni ce mai buga tulu in ana waƙa a zumuntar matan coci tun ina amarya, kuma ba yabon kai ba, in na ɗora hannu a bakin tulun nan har tsofaffi sai sun gyaɗa kai.

To, sai maigidana Ishiyaku ya kwanta ciwo, muka yi ta zaryar asibiti a Kano. Ya warke, mun gode wa Ubangiji, amma ni ƙafata ba ta koma coci ba. Da fari gajiya ce, daga baya aikin albasa na rani, ga kuma haushi, don sau ɗaya tak matan zumunta suka leƙo mu. Na ce ai Allah na ko'ina, na riƙa jin wa'azi a waya ina tankaɗe. Addu'ar safe da muke yi a gida ma ta bi ruwa. Har maƙwabciyata Dije, Musulma ce fa, ta tsokane ni, wai ko an ɗage mana Lahadin ne.

Maganarta ce ta sa na ɗaura zanena na tafi. Ashe an kawo sabon fasto. Na shiga a makare, na raɓe a bencin baya. Kin san al'ada, lokacin sanarwa akan ce baƙi su miƙe a yi musu maraba. Ba wanda ya miƙe. Sai bawan Allahn nan ya nuno ni da fara'arsa, wai ga wata mama can a baya, ta tashi ta faɗi sunanta da inda ta fito. Wayyo Mama! Mata suka sunkuyar da kai, ba wadda ta buɗe baki ta ce ai 'yar gida ce. Na miƙe na faɗi sunana kamar 'yar ci-rani. Aka tafa mini, aka yi mini waƙar maraba, da tulun nawa kuma, a hannun Saude wadda ni na koya mata. Ban jira addu'ar rufewa ba.

Yanzu godiyar kaka ta matso. Na yi kewar sujada, in gaya miki gaskiya na yi kewar Ubangijina ma. Amma kunya da fushi sun ɗaure ni. Ishiyaku ya ce mu riƙa hawa babur zuwa babban coci a Rano, inda ba wanda ya san mu. In bi shawararsa, ko in koma inda aka mai da ni baƙuwa?

Mai Tulu

'Yata Mai Tulu, sannu. Abin da ciwo, kuma kina da gaskiya a kan matan zumunta. Gaisuwa ɗaya ga mai jinya ta yi kaɗan, shirun da suka yi ranar nan kuma bai kyautu ba, ko da yake ina zaton su ma kunya ce ta rufe musu baki.

Faston kuwa ki ƙyale shi. Ya ga fuskar da bai taɓa gani ba, ya yi mata maraba, aikinsa ke nan. Da ya yi banza da ke, da wata wasiƙar za ki rubuto mini. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar taki ma ta daɗe a naɗe.

Cocin Rano ba laifi ba ne, amma ki lura, can ne za ki zama baƙuwar gaske, kowace Lahadi. Ɓuya Ishiyaku yake nema miki don yana tausayinki, ke kuwa gida kike kewa.

Ki fara da addu'ar safe gobe, ko gajeruwa ce, ke da maigidanki. Sannan kada ki jira Lahadi. Ki je ranar Asabar da tsintsiyarki, lokacin da mata ke sharar coci. Ki gaya musu abin da ya ɓata miki rai, sau ɗaya, a wuce wurin. Ki gai da fasto, ki nuna masa bangon da babanki ya gina. Tulu kuma kada ki ƙwace, ki zauna kusa da Saude, hannunki ne a hannunta.

Ran godiyar kaka ki kai baikon damin dawarki gaban coci da kanki. In aka ce baƙi su miƙe, ki yi zamanki. Wadda ta share wurin jiya ba baƙuwa ba ce.

Ubangiji ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa Ishiyaku lafiya. Ki gaishe mini da Dije, ta yi miki wa'azi mai kyau.

Mama Rifkatu