Na Ce wa Yayata Zazzaɓi Ne Kawai

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina.

Shekarata sha ɗaya ina aiki a ɗakin gwajin jini. Kullum idona na kan madubin awo ina duba ƙwayoyi: jajaye masu kai iska ga jiki, farare masu yaƙar cuta, da 'yan mitsi-mitsin da ke tsayar da jini in an yanke. Bara yayata, wadda ta raine ni, ta ce keken ɗinki ma gajiyar da ita yake, ga zazzaɓi. Ni na ɗebi jininta. Na ga fararen sun ɗan yi yawa, biyu ko uku ma kamanninsu bai yi mini ba. Amma na ce mata zazzaɓi ne kawai, ta sha magani. Ban nuna wa likita ba, ban sake aunawa ba.

Bayan wata biyar dasashinta ya fara jini. Kansar jini ce: ɓargonta na ta zubo fararen da ba su nuna ba, sun cinye wurin sauran. An yi magani zagaye uku, ciwon ya dawo. Yanzu likita ya ce sai dai a rage mata raɗaɗi.

Abin da ke ci na, duk nas ɗin da ta shigo sai Yaya ta nuna ni, wai ƙanwarta ce ta fi kowa sanin jini. Kwana tara rabona da ɗakinta. Ina zuwa bakin ƙofa, in miƙa kwanon abinci in juya. In faɗa mata?

Ƙanwa mai nauyin zuciya

Ƙanwata, ba zan ce miki ba ki yi kuskure ba. Ya kamata a ce kin nuna wa likita tun a lokacin, kin kuma sani. Amma na tambayi wata likitar jini, ta ce yawan fararen ƙwayoyi tare da zazzaɓi galibi alamar jiki na yaƙar cuta ne, kuma wani nau'in kansar nan cikin makonni yake tashi. Ba mai iya ce miki wata biyar ɗin za su cece ta, ba kuma mai iya ce miki ba za su cece ta ba. Wannan rashin sanin, da shi za ki zauna.

Batun faɗa mata: tana da haƙƙin sanin gaskiya, kuma in ta tambaye ki, kada ki ɓoye. Sai dai ki bincika zuciyarki. In don ki samu sauƙi ne, kada ki ɗora wa mai jinya aikin lallashinki. Ki fara kai maganar wurin likitanta, ku duba tsohon sakamakon tare.

Bara ta wuce, amma kwana taran nan laifi ne da kike iya dainawa yau. Ita ba ta san dalili ba, ta dai ga ƙanwarta ta guje ta. Ki shiga, ki zauna, ki shafa mata mai a ƙafa. Kwanakin ba su da yawa.

Allah ya sassauta mata, ya ba ki ƙarfin zama kusa da ita.