Na Toshe Kunnena Don Alkawari, 'Yata Ta Yi Shiru

Anti Noelene,

Don Allah ki taimake ni, ko da sai kin gama yi min dariya tukuna. Na san irin wasiƙun da ke zuwa miki: aure, rabon gado, maƙwabcin da karensa ya hana unguwa sakat. Ni tawa a kan wasan bidiyo ce, kuma shekarata arba'in da shida. Ba ni da wanda zan faɗa wa. A inda nake aiki, idan namiji ya ce abu na damunsa, kafin a tashi daga cin abinci an raɗa masa suna.

Ina tuƙa babbar motar kwasar tama a wata mahaƙa a Pilbara. Mako biyu a nan, mako ɗaya a gida a Mandurah kusa da Perth, jirgi ya kawo mu, jirgi ya mayar. Wannan zirga-zirgar ce ta ci aurena da Bronwyn, ban kuma ga laifinta ba. 'Yarmu ɗaya, Marnie, tana da shekara tara muka rabu. Idan na dawo hutu sai a kawo min ita ranar Asabar, ta ɗosana a bakin kujera da jakarta a cinya kamar mai jiran bas. In tambaye ta makaranta, ta ce lafiya. In tambaye ta me za ta ci, ta ɗaga kafaɗa. Ban iya hira da yara ba, Anti, ni ma babu wanda ya yi da ni.

Kogin Toka ne ya cece mu. Wasa ne mai dogon labari, na takubba da matsafa da dodanni, inda kai ke zaɓar abin da jaruminka zai faɗa da wanda zai ceta, labarin kuma ya bi zaɓinka. Don kaina na saya. Wata Asabar ina cikin yi, wani sarki ya ce in miƙa masa Heska, wata tsohuwa mai fito da kwalekwale da ke yawo tare da jarumina. Har na kai yatsa zan amince, sai na ji murya a bayana: "Kada ka ba shi ita, Baba. Maƙaryaci ne, dubi idonsa." Rabon da ta yi min magana mai tsawon haka tun kafin mu rabu da uwarta.

Daga ranar muka raba aiki: ni ke dannawa, ita ke yanke hukunci. Kyaftin nake ce mata. Mu sayo soyayyen kifi da dankali, mu baje takardar a ƙasa, ta riƙa ba ni umarni da baki cike. A ƙarshen wasan sai an zaɓa, ko a ceci babban birni, ko a ceci Heska. Yarinyar nan ko gezau, ta ce a bar birnin ya ƙone. Na ce mutane dubbai fa, Kyaftin. Ta ce su ba su san mu ba, Heska ta san mu. Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Kafin mu kai nan wata 'yar ajinsu ta taɓa faɗa mata wani abu da zai faru a gaba a wasan, ta yi kuka sosai. Shi ya sa ranar da muka gama ta sa na ɗaga hannu na rantse: idan kashi na biyu na wasan ya fito, tare za mu shiga, kuma babu wanda zai san komai a kansa kafin nan. Shekara takwas ke nan. An sanar, an ɗage, an sake ɗagewa. Yanzu sun tsayar da tsakiyar Fabrairu.

Mu masu son irin wasannin nan muna da wata al'ada, idan abu ya kusa fitowa sai mu kulle ido da kunne. Na toshe sunan wasan a wayata. Idan tallansa ya fito a talabijin ɗin ɗakin cin abinci, sai in ɗauki farantina in fita in ci a tsaye cikin ƙudaje. Tevita, wani ɗan Tonga da muke aiki tare, ya mayar da ni abin wasansa. Yana hango ni zai ɗaga murya: "Mutumina, zo in faɗa maka wanda suka kashe!" Ni kuwa in cusa abin toshe kunne na aiki in ƙara sauri. Kurma suke kira na yanzu, har a rediyon mota.

Amma kunne ba ya toshuwa duka. Na tsinci cewa waɗanda suka rubuta na farko sun bar kamfanin. Na tsinci cewa an sauya salon faɗan. Wanda ya fi tsaya min a rai, na ji wani yana cewa wai ba za a ɗauko zaɓin da mutum ya yi a na farko ba, su za su zaɓa wa kowa. To wa zai bar birni ya ƙone in ba Marnie ba? Ke nan a wurinsu birnin na tsaye, Heska ta mutu, kamar ba mu taɓa zama a ƙasan nan da kifinmu ba. Tsohuwar na'urar tana nan na naɗe ta da tawul, duk hutu sai na kunna na ga wasanmu na nan a ajiye yadda muka gama shi. Abin da na tsinta ɗin gaskiya ne, ƙarya ne, ban sani ba, kuma ba dama in bincika. Ina cikin mota ina hawa da sauka a rami yini guda, babu abin da nake juyawa sai wannan.

Ita ma Marnie ta so ta ɓata min. Da suka saki tallan farko ta turo min, ta rubuta BABA da manyan baƙaƙe. Na goge ban buɗe ba, na ce mata kul, Kyaftin, alkawari. Ta sake turo wani, na sake gogewa. Sai ta kira ni tana haki, wai abu ɗaya tak za ta faɗa min. Na ce tana farawa zan kashe wayar. Ta fara, na kashe. Da wasa na yi, wallahi. Ban ɓoye miki ba, na ɗan ji haushi, ita da ta sa ni rantsuwa ita ce ta fara leƙawa. Amma na ce yarinta ce.

Yanzu ba ta turo komai. In gaishe ta, ta rubuto "to". Hutun da ya wuce ta ce tana da aiki a gidan burodin da take yi wa aiki, ba ta zo ba. Daga bakin Bronwyn na ji ta samu jami'a a Hobart, can a wani tsibiri mai nisa, za ta karanci ilimin teku, ƙarshen Fabrairu za ta tafi. Ranar da wasan zai fito kuwa ta faɗo a farkon makonnina na aiki. Na nemi a sauya min, shugabanmu ya ce ba ya sauya wa mutum layi don wasan yara. Kafin jirgina ya sauka a Perth nata ya tashi.

Ina jin tsoro, Anti. Ina tsoron wasan ya fito ba kyau, ya zama abin da na jira shekara takwas ba shi da daɗi, mu rasa abin da za mu zauna a kai. Ina tsoron ya yi kyau ta yi shi da ƙawayenta a can. In yi ƙaryar rashin lafiya in sauko? In ajiye aikin? In tuna mata alkawarin, ko ta girme shi ne ni kaɗai na rage ina riƙe da shi? Babu ko ɗaya a cikin abubuwan nan da ke hannuna, ba kamfanin ba, ba ranar ba, ba jirgin ba, ba ita ba. Me zan yi?

Kurma, Pilbara

*

Ɗana Kurma,

Ban yi dariya ba, sai dai a wurin birnin da ya ƙone. Ina son wannan yarinyar tun ban gan ta ba.

Bari mu fara kawar da abin da ba mu da iko a kai. Ni ban taɓa riƙe abin wasan nan ba, kuma ko na iya ba zan san yadda sabon zai fito ba. Kai ma ba ka sani ba. Rabin magana ka tsinta a ɗakin cin abinci, ka kai ta cikin mota kana ta saƙa da warwara. Idan ya yi kyau, madalla. Idan bai yi ba, ku zauna ku zage shi tare, ai ita ma hira ce, kuma takan fi daɗewa. Heska kuwa babu kamfanin da zai shigo gidanka ya kashe ta, tana cikin tawul ɗinka, tana kuma cikin kan 'yarka.

Kada ka yi ƙaryar ciwo, kada ka ajiye aiki. Uban da aka kora ba shi da kuɗin jirgin zuwa Hobart. Ka nemi wanda zai yi musanyar mako da kai, ka fara da Tevita. Mutumin da ke ɓata lokacinsa yana tsokanarka kullum yana sonka ne. Amma ka faɗa masa gaskiya, ka ce 'yarka za ta tafi, ka daina cewa wasa zai fito. Na tabbata shi ma shugabanku maganar wasa ka kai masa, shi ya sa ya ba ka amsar wasa. In duk bai yiwu ba, Hobart ba lahira ba ce, kuma na'ura tana shiga jaka.

Yanzu ga abin da ya sa na zaɓi wasiƙarka. Ka koma ka karanta inda ka ce Marnie ta so ta ɓata maka. Ka wuce wurin da sauri, alhali duk matsalar tana nan.

Ina girmama yadda ka riƙe rantsuwarka. Alkawari kaya ne, kuma iyaye da yawa ba sa tuna wanda suka yi wa yaro jiya. Haushin da ka ji ma na fahimce shi. Amma ka dubi abin daga inda take tsaye. Yarinya ce da ba ta iya hira da ubanta ba sai ta hanya ɗaya, kai da kanka ka faɗa. Ta ga abin da ya sa ta murna, a duk duniya kai ta fara nema. Ka goge. Ta sake, ka goge. Ta kira tana haki, ka kashe mata waya. Kai ka san wasa kake yi, ita ƙarar yankewar layi ta ji. Garin neman gira kana shirin rasa ido, ɗana.

Mai shekara goma ce ta sa ka rantsuwa, don an ɓata mata labari ta yi kuka. Mai shekara goma sha takwas ta leƙa, ta kuma zo da gudu ta nuna maka. Ita ke da alkawarin, ita ta sassauta shi. Ai ka ce ita ke yanke hukunci, kai dannawa ce taka. Yaushe ka karɓe mata muƙaminta?

Ba zan yaudare ka ba. Yara a wannan shekarun suna yin shiru saboda dalilai barkatai, aiki, ƙawaye, fargabar tafiya, wataƙila har da abin da ba ka cikinsa sam. Zai yiwu ka kira ta ka sake samun "to". In haka ta faru kada ka yi fushi, ka sake kira. Ka tambaye ta Hobart, ka tambaye ta abin da ke cikin tekun nan da ya ja ta, ko ba ka gane ba ka saurara. Nan gaba kuna buƙatar abin hira fiye da ɗaya.

Amma ka fara da wanda kuke da shi. Kada ka jira Fabrairu. Yau da ka sauko daga mota, ka cire abin toshe kunnen, ka kira ta da murya, ba rubutu ba. Ka ce ka yi kuskure da ka kashe wayar. Sannan ka ce, Kyaftin, mene ne abu ɗayan nan? Ka bar ta ta faɗa maka shi, da na biyu, da na goma, har da wanda suka kashe idan ta sani. Ka bar ta ta ɓata maka labarin kaf.

Allah ya sauke ka lafiya, ya kai ta lafiya, ya sa ta ɗauka a bugun farko.

Anti Noelene