Ƙafar Baba da Ƙahon Wanzami

Ƙanena Bello,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya karatun likita, yaya su Kawu?

Baba ya taka ƙusa inda ake ginin gidajen soja, ƙafar ta kumbura sumtum, ga zazzaɓi. Inna ta ce mugun jini ne, a kira wanzami ya kafa ƙaho. Na ce, "Inna, fararen ƙwayoyin jini ne ke mannewa a jijiyoyin wurin don yaƙar cuta. Maganin asibiti zai rage mannewar in ta yi yawa, kumburin ya sauka. Tsaga za ta ƙara ciwon."

Ta ba ni zuwa Juma'a a gwada maganin asibiti kafin ta kira wanzamin, kuma har yanzu zazzaɓin bai sauka ba.

Ka rubuto mata yau, maganarka take ji. Ka sa Baba a addu'a, ka gaida kowa.

Yayanka, Umaru